Ƙanwata, kaskon nan kada ya sake kwana a ɗakinku

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29, ina zaune a Funtuwa da 'ya'yana uku da uwar mijina, wadda muke kira Inna. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi mako biyu ko uku bai kwana gida ba. Sana'ata awara. Tun da hunturun bana ya kankama na rasa gane kaina. Kullum da ciwon kai nake tashi, jikina ya yi nauyi, wani lokaci har da jiri da tashin zuciya. Sallar asuba da ban taɓa wasa da ita ba, yanzu sai rana ta fito nake yin ta. Babbar 'yata ma tana kukan ciwon kai da safe, amma in ta tafi makaranta sai ya sake ta. Na biyun mai sikila ne, shekararsa 5, a wata guda sau biyu ciwonsa ya tashi. Ga jinjira 'yar wata 8 da mura ta ƙi barinta. Saboda sanyi duk mun koma kwana a ɗakin Inna, mukan shigar da kaskon gawayi mu rufe ƙofa da taga, don tana da hawan jini da ciwon gwiwa, ba ta jure sanyi. Hannuwana sun farfashe har suna jini, ƙafafuna duk faso. Maƙwabciyata ta ce sammu ne ko iska, in nemi taimako. Inna kuma ta ce son jiki ne irin na matan yanzu. Ni kam na fara yarda da ita, don ba abin da ke yi mini daɗi, wani lokaci sai in zauna in yi ta kuka babu dalili. Anti, imanina ne ya yi rauni ko kuwa? Ki ba ni shawara don Allah.

Maman yara, Funtuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri. Tambayarki a kan imani ce, kuma zan amsa ta, amma akwai abin da ya fi ta gaggawa, wanda kika ambata a tsakiyar wasiƙa kika wuce kamar ba komai ba: kaskon gawayin da kuke kwana da shi a rufaffen ɗaki. Don girman Allah, daga daren yau kada ya sake kwana tare da ku.

Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga ta fita, yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba a ganinta, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye yadda hayaƙin itace ke yi, don haka babu abin da zai farkar da mai barci ya gudu. Yawancinmu mun ɗauka in aka bar gawayi a tsakar gida ya gama hayaƙinsa, ya koma garwashi ja zur, to an rabu da illarsa. Ba a rabu ba. Garwashin nan yana ta fitar da gubar har sai ya zama toka. In aka shaƙe ta, sai ta shiga jini ta zauna a gurbin da oksijin ke zama a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma riƙon da take yi wa gurbin ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Zuciya na bugawa, jini na zagayawa, amma ƙwaƙwalwa ba ta samun abin da take rayuwa da shi.

Yanzu ki sake karanta abin da kika rubuto mini. Ciwon kai da safe, nauyin jiki, jiri, tashin zuciya, barcin da ba ya sakin mutum. Mutum biyu a ɗaki ɗaya suna kuka da abu ɗaya. Yarinya ta fita ta shaƙi iskar waje, kanta ya sake ta. Kuma duk a lokacin da kuka koma kwana da kasko kuna rufe taga. Likita ne zai tabbatar, amma duk ma'aikacin lafiyar da ya ji wannan jerin, gawayin zai fara tuhuma.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, tsakanin daren da ake tashi da ciwon kai da daren da ba a tashi kwata-kwata, tazarar ba ta da yawa. Ɗan ƙarin gawayi saboda sanyin ranar ya tsananta, ko tsumman da aka cusa a ƙasan ƙofa, ya isa. Haka ake wayar gari a ji an ɓalle ƙofa an tarar da mutanen gida sun rasu gaba ɗaya, wani lokaci saboda kasko, wani lokaci saboda janareta da aka bari yana aiki a lungu kusa da taga. Ɗakinku kuwa cike yake da waɗanda gubar ta fi saurin kayarwa: jinjira, da yaron da dama jininsa bai cika ba, da tsohuwa mai hawan jini. In har wata rana, a gidanku ko na maƙwabta, aka tarar da wanda ya kwana da wuta yana amai, ko yana surutai, ko an tashe shi ya ƙi tashi, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti, a kuma faɗa musu a fili cewa da gawayi aka kwana, don oksijin za su sa masa. Kada a ɗura masa madara ko manja. Ba sa maganin wannan gubar, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya sarƙewa da su.

Na san abin da za ki ce: Inna fa? Za ta ce da haka suka tashi, iyayensu ma da wuta suka kwana, ba abin da ya same su. Kada ki musa mata. Abin da ta gani ta faɗa, ɗakunan ne suka canza. Ɗakin da aka raine ta a ciki na ƙasa ne, da jinka ko azara, ƙofarsa asabari ko ƙyauren da iska ke ratsawa ta ko'ina. Ɗakunan da yawancinmu ke kwana a ciki yanzu bulo ne da siminti, da silin, da tagar gilashi, da ƙofar ƙarfe, in an rufe sun rufu. Abin da ke silalewa ta cikin jinka a da, yau taruwa yake a kan masu barci.

Akwai kuma maganar da tsohuwa mai tsoron Allah ba za ta tsallake ba. A Madina wani gida ya taɓa ƙonewa da dare da mutanensa a ciki. Da aka ba Manzon Allah (SAW) labari, sai ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Buhari da Muslim ne suka ruwaito shi. Sai dai bai kamata ke ce za ki tsaya gaban Inna kina ja mata hadisi ba. Tsakanin uwar miji da matar ɗa akwai kunya, kuma tunda har ta fara jifanki da son jiki, duk abin da ya fito daga bakinki za ta iya ɗaukarsa raini. Ki kira maigida yau, ki karanta masa wannan, shi ya yi wa mahaifiyarsa magana da bakinsa, ya ce shi ne ya roƙa a daina. In wayarsa ba ta shiga, kada ki jira shi. Ki durƙusa ki ce mata, Inna, an ce gawayin nan ne ke sa wa jikokinki ciwon kai, a gwada mako guda babu shi mu gani. Kaka takan sauko saboda jika a inda ba za ta sauko saboda kowa ba.

Amma kada a raba tsohuwa da wutarta a bar ta haka nan, don sanyin da take ji na gaske ne, ciwon gwiwar ma haka. Ta ji ɗuminta bayan magariba a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa, a kula da bakin zaninta, a kuma kula da yara, don a wannan lokacin ne ƙananan yara suka fi faɗawa kasko. In za a shiga barci a kashe shi da ruwa a waje. Abin da zai maye gurbinsa a ɗaki ba shi da tsada. Ki sami ƙaramar jarka mai kauri da murfi mai kamawa, ki zuba ruwa mai zafi amma ba tafasasshe ba, ki naɗe ta da tawul, ki tura ta ƙarƙashin bargon Inna tun kafin ta kwanta, daidai gwiwoyinta. Bulo ko dutsen da ya sha ɗumi a gefen murhu, in aka naɗe shi da tsohon zani, shi ma yana riƙe zafi har dare ya raba. Ki taɓa da cikin hannunki kafin ki sa wa kowa, don fatar tsoho da ta yaro na saurin ƙonewa. Sanyin siminti kuma ta ƙasa yake hawa jiki, saboda haka ki shimfiɗa kwali ko tabarma biyu kafin ki ɗora katifa. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, a haɗa da hula da safa. Wurin 'yan gwanjo duk za ki same su da sauƙi.

Game da taga, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take kwasowa daga wani busasshen kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele. To tagar da ke fuskantar wannan ɓangaren ita za ki rufe, ki saka mata labule mai kauri. Wadda ke ɗaya gefen ki bar mata 'yar kafa, don mutum biyar da ke numfashi a ɗaki ɗaya suna buƙatar iska ko babu wuta. In kina dafa ruwa da hita, ki zare ta daga bango duk lokacin da aka ɗauke wuta. Gobarar hunturu da yawa daga nan take tashi: a ɗauke wuta, a manta, a dawo da ita cikin dare.

Yaronki mai sikila, hunturu na masa illa ta hanya biyu. Sanyi na matse ƙananan jijiyoyin jini, sai lanƙwasassun ƙwayoyin jininsa su maƙale a cikinsu, daga nan ciwon ƙashi ke tashi. Ta biyun kuwa ita ake mantawa da ita. Iskar nan busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwa daga fata da numfashi ko mutum bai yi gumi ba, sanyi kuma na rage jin ƙishirwa, sai yaro ya wuni bai nemi ruwa ba, jininsa ya yi kauri. Kada ki jira ya roƙa. Ki ware masa gorarsa, ruwa mai ɗan ɗumi, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tun safe har dare, ya zarce lita 1 a wuni, ban da kunu da koko. Fitsarinsa zai nuna miki: in ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Wankansa a ɗaga shi zuwa hantsi ko bayan ya dawo makaranta, da ruwan ɗumi, a wurin da iska ba ta kaɗawa, a tsane shi a shafe shi da mai a sa masa kaya nan take. In ciwon ya fara, ɗumi za a sa wa wurin, ba ruwan sanyi ba.

Tashin ciwo sau biyu a wata guda ya yi yawa, kuma bai kamata ya ƙare a kemis ba. Ki kai shi asibitin da ke da sashen masu sikila, ki faɗi yawan tashin, ki tambayi likita ko ya dace a ɗora shi a kan maganin da ake kira haidiroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon ga yara da dama. Ba a saye a sha da ka, sai da gwajin jini lokaci-lokaci. In babban asibitin garinku ya ga abin ya fi ƙarfinsa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa da ku. Ki sayi ma'aunin zafin jiki ki ajiye. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a jikin mai sikila na asibiti ne a ranar, ko da tsakar dare. Haka ciwon ƙirji, ko numfashi da ƙyar, ko tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ko ciki ya kumbura ta hagu inda saifa take, ko wani sashen jiki ya saki.

Jinjira kuma, mai yiwuwa murarta ta yi sauƙi da zarar ta daina kwana da gawayi. Ki yawaita ba ta nono, in hanci ya toshe ki nemi ruwan gishirin ɗigawa a hanci a kemis. Kada ki shafa mata man zafi mai kafur a hanci ko ƙirji, yana da haɗari ga 'yan ƙasa da shekara 2, kada kuma a ba ta zuma sai ta cika shekara. Jarkar ruwan zafi ba tata ba ce, jikinki da kayan sanyinta sun ishe ta, kuma kada bargo ya rufe mata fuska. Ki koyi ƙirga numfashinta in tana kwance ba ta kuka: in ya kai 50 a minti ɗaya, ko kika ga ƙasan ƙirjinta na lotsawa ciki in ta ja numfashi, ko ta ƙi kama nono, wannan ya wuce mura, alamar nimoniya ce, wato ciwon huhu. Ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, 40 ne iyakar.

Wata mai zuwa za ta cika wata 9, lokacin allurar ƙyanda da shawara da sankarau ke nan, kada ta wuce ta. Sankarau daga hunturu zuwa bazara yake yaɗuwa, lokacin da ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, mutane kuma suka cunkushe a rufaffun ɗakuna. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa, kuma a 2017 ya sake ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina, wato har jiharku. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba a kwana da su a gida.

Inna ta ci gaba da shan maganin hawan jininta ko da tana jin garau, don sanyi na ƙara hawan jini. A rage mata gishiri da magi da kanwa. Magungunan ciwon gaɓɓai da ake saye barkatai a kemis, da wasu magungunan mura masu buɗe hanci, suna ƙara shi, a tambayi likita tukuna.

To, yanzu ke. Na lura a wasiƙarki kin lissafa ciwon kowa a matsayin ciwo, naki kuma kin mai da shi laifi. Matar da ke tashi ta jiƙa waken suya, ta kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta soya, ta yi wanki da wanke-wanke, ta yi jinyar yaro, ta shayar da jinjira, ta kula da uwar miji, mijinta kuma yana kan hanya, wannan ba a kiranta mai son jiki. Inna ta faɗa ne don ba ta san abin da ke faruwa a jikinki ba, ki yafe mata, amma kada ki karɓi sunan.

Hannuwanki su ne jarinki, kuma suna shan wuya ta ko'ina: ruwan sanyi, omo, ruwan tsamin awara, ga iskar da laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Kada ki raina tsagewar nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abincin da mutane za su ci kike taɓawa. Ki sayi safar hannu ta roba kala biyu, ɗaya ta wanki, ɗaya ta awara. Wanki ki mai da shi hantsi, ki sirka ruwan. Duk lokacin da kika fito daga ruwa, ki tsane hannu sama-sama ki shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar na da danshi, domin mai ba ya ƙara wa fata ruwa, wanda ya tarar yake tsarewa. Shi ya sa shafawa a kan busasshiyar fata tasirinta bai kai haka ba. Da dare ki lafta shi da yawa ki zura hannuwan cikin safa mai tsabta ki kwana da su. Faso ma haka: ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10, ki goge kaushin a hankali da dutse, ban da reza, ki shafa basilin ki sa safa, da rana kuma ki bar silifa ki sa rufaffen takalmi. Inda ya kumbura, ya yi ja, ko ya fara ruwa, a nuna a asibiti. Wanka da ruwa mai ɗumi ya fi mai ƙuna, don mai ƙunar na wanke maiƙon fata. Leɓe in ya bushe a shafa mai, lasa na ƙara tsaga shi. In yara suka yi haɓo, su sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan wurin hanci minti 10, kada a ɗaga kai sama.

Mai shayarwa kuma ta fi kowa buƙatar ruwa a gidan. Gorar da kika ware wa yaron, ki ware wa kanki irinta, duk zaman shayarwa ki sha. Ki ci abinci ki ƙoshi, ba ragowar yara ba. Yanzu ne kayan lambu suka fi araha, ga karas, ga tumatir, ga kabeji, ga lemo, ga zogale, ga wake, ga awarar da ke fita daga hannunki, in hali ya yi a ƙara da hanta ko ƙwai. Shayin citta da kanumfari na ɗumama jiki, amma baƙin shayi in aka sha shi tare da abinci yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, saboda haka ki ba su tazarar awa guda. Ranar da za ki kai yaron asibiti ki yanki kati ke ma, ki gaya musu zancen gawayin, ki ce a auna yawan jininki da hawan jini. Ƙarancin jini ga mai haihuwa uku da ke shayarwa abu ne da ake yawan gani, kuma shi kaɗai ya isa ya kawo kasala da jiri.

Kukan nan da kike yi, ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Gubar gawayi kanta na dagula tunani da yanayin zuciya, rashin barci da ƙarancin jini ma haka, don haka ina kyautata zaton za ki ji sauƙi in aka gyara waɗannan. Amma akwai ciwon damuwa da ke kama mata a cikin shekarar farko bayan haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irin wannan bayan ta haihu. Ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. In kika yi mako biyu bayan an fitar da kaskon, har yanzu zuciyarki a cunkushe, ba kya jin daɗin komai, barci ko cin abinci sun rikice, ki koma ki faɗa wa likita da irin kalmomin da kika faɗa mini. In kuwa tunanin gara mutuwa, ko na cutar da kanki ko jinjira, ya taɓa gifta miki, kada ki jira mako biyun. A ranar ki gaya wa wanda kika yarda da shi, ya raka ki asibiti.

Maƙwabciyarki alheri take nufi. Azkar ɗinki na safe da yamma, da tofa wa yara addu'a in za su kwanta, ki riƙe su kam. Amma kada ki kai kuɗin awararki wurin mai karya sammu alhali sababin na zaune a tsakiyar ɗaki.

Sallar asuba kuwa, wadda imaninta ya yi rauni ba ta rubuto wasiƙa tana kuka don ta makara. Manzon Allah (SAW) da sahabbansa sun taɓa makara a wata tafiya har zafin rana ne ya tashe su, suka yi sallar bayan sun farka, kuma ya ce babu sakaci a cikin barci. Wanda barci ya rinjaye shi, ya yi ta in ya farka. Naki shi ne ki ɗauki sababi: ki kwanta da wuri, ki saita ƙararrawar waya, ki cika fulas da ruwan zafi tun dare don alwala. Alwala da ruwan ɗumi ta inganta, babu malamin da zai ce ki zuba ruwan randa a kan hannun da ke jini. Shi ne kuma (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. In an faɗi haka ga mai wahalar da jikinsa a ibada, ina ga mai wahalar da shi a wanki? Ko rabin awa ne, in yara sun tafi makaranta, ki fito da tabarma ki sha hantsi tare da Inna, ku shafa mai, ku sha kunu. Hasken safiya na daidaita barcin dare, kuma zaman zai rage nisan da ke tsakaninku.

Saura maigida. Mata da yawa in miji ya kira daga hanya sai su ce lafiya lau, don kada a tayar masa da hankali yana tuƙi. Ki bari ya sauka ya huta, sannan ki gaya masa komai dalla-dalla, har da kukan. Ki faɗi abin da kike buƙata da sunansa: bargo, fulas, safar hannu, ma'aunin zafi, kuɗin asibiti, da izinin ɗauko ƙanwarki ko wata 'yar uwa ta zauna da ku zuwa ƙarshen Fabrairu. Awarar ma ki rage ta zuwa wasu ranaku har hannuwan su warke, masu saye za su dawo. Ki kuma ja masa kunne shi ma, kada sanyi ya sa ya kwana a rufaffen kan mota da inji a kunne ko da garwashi, don gubar ɗaya ce.

In za ki asibitin ki tafi da Inna a auna ta, ki riƙe katin rigakafin jinjira da na yaron. Ki sake rubuto mini abin da aka ce game da jininki da maganin yaron. Allah ya ba shi lafiya, ya ba Inna sauƙi, ya yaye miki damuwa, ya dawo da maigida gida lafiya.